Lambun dashen da na samu ɗorawa bayan na gaji da yawo

Ɗorawa nake nema, ba wani abu ba. Ana gab da faɗuwar daminar 2023 na sa babban ɗana ya ɗauke ni a mota, muka bi masu sayar da dashe na bakin titi a Kano ɗaya bayan ɗaya. Duk inda muka tsaya kayan iri ɗaya ne: furanni, mangwaro mai aure, gwaiba, lemo, dogonyaro, turare, sai wannan siririyar doguwar bishiya da ake jerawa a jikin katangar manyan gidaje. In na ce ɗorawa sai yaran su kalli juna. Wani ya ce min, "Hajiya, ai ɗorawa ba a dasa ta, a daji take fitowa." Na ce masa wane dajin? Ya yi shiru.

Dalilin wannan nema yana da tsawo, amma dole in faɗi kaɗan daga ciki. Gonar mahaifinmu tana wani ƙauye arewa da Ɗambatta, kuma lokacin da nake yarinya akwai ɗorawa bakwai a cikinta, da tsamiya biyu, da wata kanya a bakin iyaka wadda mu biyu ba ma iya zagaye gindinta da hannu. Inna mai daddawa ce. In bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, a zuba ta a tsakar gida, mu sha garin har leɓenmu ya yi rawaya, ita kuma ta wanke kalwa ta ɗora babbar tukunya ta kwana tana dahuwa. Ɓawon ma ba ya zuwa juji, da shi ake jiƙa makuba a yi daɓe da yaɓe. Da kuɗin daddawar nan aka saya min littattafan shiga makarantar horon malamai. Bayan rasuwar Baba aka yi rabon gado, kuma kamar yadda aka saba a wajenmu, gona daban, ɗorawa daban. Waɗanda itatuwan suka faɗo a rabonsu sun shiga matsi, masu injin yanka suka zo da kuɗi a hannu, cikin shekaru kaɗan babu ko ɗaya a tsaye. Ba na zargin kowa, na san abin da ya sa. Amma yankin da ya zo hannuna fili ne fetal, in iskar bazara ta taso har ƙasar take kwashewa ta kai wa maƙwabci.

Wani tsohon malamin gona da muke unguwa ɗaya ne ya kwatanta mana lambun da nake son yin magana a kansa. Yana gefen wata fadama, a sauka daga titin Kano zuwa Ɗambatta a shiga hanyar burji mai ɗan nisa. Babu allo, babu komai da zai nuna maka ka iso. Shinge ne na ƙaya da kara, da rijiya mai injin ban ruwa, da rumfunan zana jere, ƙarƙashinsu baƙaƙen ledoji dubbai. Mai wurin dattijo ne da ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi. Yara uku ne ke taya shi.

In faɗi gaskiya, da farko gabana ya faɗi, domin kusan kashi biyu cikin uku na lambun dogonyaro ne da turare da mangwaro, irin abin da na baro a gari. Sai da muka zagaya bayan rijiya na ga abin da ya kawo ni. Ɗorawa ce 'yan ƙanana, ganyensu sirara kamar gashin tsuntsu, ga tsamiya, ga kuka, gawo, aduwa, kurna, kanya, ɗinya, maɗaci, marke, kirya, bagaruwa, da dakwara mai ƙaro. Na tsuguna na taɓa ganyen ɗorawar, na kasa magana na ɗan lokaci. Baba bai ce komai ba sai da na miƙe, sannan ya ce, "Malama, gonar taki jigawa ce ko laka?"

Wannan tambayar ita ce farkon abin da ya bambanta wurin da sauran. Kafin ya faɗi kuɗin ko tsiro ɗaya, sai da ya san irin ƙasar, da nisan ruwa a rijiyoyin ƙauyen, da wanda zai riƙa ban ruwa da rani, da lokacin da ake sakin dabbobi bayan kaka. Na ga wasu 'yan madobiya a kusurwa na ce a sa min biyar, ya ce a'a. Ya ce waɗannan na mutanen kudancin Kano ne, wajen Tudun Wada da Doguwa, inda ruwan sama ya fi yawa, in na kai su yashin arewa asarar kuɗi zan yi kuma asarar iri, irin da yanzu sai an sha wuya ake samu. Ya yi gaskiya a kan wuyar. Madobiya ita ce icen da 'yan katako suka sa wa suna madrid, wadda aka yi ta lodinta daga dazukan Taraba da maƙwabta ana kaiwa Sin a yi kujeru da gadaje, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017, aka kuma lissafa ta cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Mai saye da kuɗi a hannu, mai sayarwa ya ce ba zai sayar ba don kayan ba za su yi maka amfani ba: ban saba ganin haka a kasuwa ba.

Kaɗanya kuwa ba shi da ita sam, kuma ya bayyana min dalili. Ƙwallon kaɗe ba ya ajiyuwa, in ya faɗo ba a shuka shi cikin 'yan kwanaki ba ya mutu. In ya tsiro ma, sai ya fara zura saiwa can ƙasa kafin ya nuna kai a sama, don haka leda ba ta yi masa daɗi, gara a binne shi a inda ake son bishiyar ta zauna. Sannan a jira shekara goma sha biyar ko fiye kafin a ga 'ya'ya. Na tuna yadda ake ƙona kaɗanya a yi gawayi saboda gawayinta na da ƙarko, na lissafa shekarun da ake ƙonewa a rami ɗaya cikin kwana uku, raina ya ɓaci.

Wurin da na fi daɗewa shi ne ɗan ɗakin da yake ajiye iri. Gwangwanaye ne na madara da tsofaffin kwalabe, kowanne da iri gauraye da toka saboda ƙwari. Shi da kansa yake bin ƙauyuka yana tarawa, kuma ya ce ba ya ɗiba daga uwa ɗaya, sai ya haɗa na bishiyoyi da yawa masu nisa da juna, don kada dashen duka su zama 'yan ɗaki ɗaya, cuta guda ta kwashe su. Ya nuna min yadda ake karya taurin iri. Na kuka da na ɗorawa ana zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana. Na gawo yana ɗan ƙwarzane gefensa da abin yanke farce, ko kuma ya je turken awaki ya tsince wanda ya riga ya bi ta cikinsu, domin wannan ya fi saurin fitowa. Na maɗaci ba ya jure ajiya, sabo ake shukawa. Ya san inda kanya mafi zaƙi take a yankin, ya san wata kirya guda da ta rage a bayan wata maƙabarta, wadda ba don a maƙabarta take ba da tuni maƙera da masu turmi sun gama da ita. Duk wannan ilimi a kansa yake. Babu littafi, babu rubutu, kuma yaran da ke taya shi hankalinsu ya fi karkata ga mangwaro mai aure, don shi ke kawo kuɗi.

A nan zan ɗan tsaya a kan dogonyaro, domin na ji mutane suna zaginsa kamar shi ya kori itatuwanmu. Ban yarda ba. Baƙo ne, daga Indiya asalinsa, an shigo da shi Borno a 1928, kuma ya yi mana rana: yana jure fari, akuya ba ta damu da shi sosai ba, ya ba garuruwanmu inuwa a lokacin da babu. Turare ma baƙo ne daga Ostareliya, kuma duk wanda ya san yankin Ɗambatta ya san dogayen layukansa da aka dasa don tare iska. Matsalar ita ce mun mayar da su kamar su kaɗai ne bishiya. In an ce ranar dashen itatuwa, dogonyaro. In an ce makaranta, dogonyaro. Ba a kaɗa miya da shi, ba a yin daddawa da shi, ba a dama kunu da shi, kuma gero ba ya son gindin turare. Ku dubi sunayen wurarenmu: Kurnar Asabe, Tsamiyar Boka, Giginyu, Rimin Gado, Durumin Iya. Kakanninmu da itatuwa suke gane wuri. Na koyar da 'yan firamare shekara talatin da ɗoriya, kuma a shekaruna na ƙarshe in na tambayi aji wa ya taɓa ganin giginya a tsaye, hannu biyu ko uku ke tashi. Baba ya ce shi ma ba don son ransa ya cika lambun da baƙin itatuwa ba, su ne ke biyan kuɗin man inji, na gida kuwa sai mai nema irina ya zo jefi-jefi.

Na sayi dashe 40: ɗorawa 10, gawo 8, tsamiya 5, kuka 5, magarya mai aure 5, kanya 4, maɗaci 3. A lokacin ɗorawa da tsamiya da kanya naira 500 kowanne, gawo 300, magarya mai aure 1,500, alhali dogonyaro 200 ne. Ban ga tsada a ciki ba in aka dubi wahalar neman irin, sai dai na san yanzu komai ya tashi. Magaryar ita ce wadda ake aura wa reshen wata mai manyan 'ya'ya, irin da aka yaɗa daga cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, 'ya'yanta kusan girman ƙaramin ƙwai, ga ruwa.

Muna cikin lodi a bayan mota ya ce yana so ya ga gonar da idonsa kafin a haƙa rami ko ɗaya. Kuɗin mai kawai ya karɓa. Ranar da ya zo an yi ruwa biyu, ɗan ƙanena da ke noma min gonar ya riga ya fara sassabe, ya tara tohon da ya sare zai sa wuta. Baba ya tsaya a kan tarin ya ce, "Yaro, dakata." Ya ɗauki reshe ɗaya ya ce wannan kalgo ne. Ya ɗauki wani, sabara. Wani, aduwa. Wani kuma ya juya shi ya nuna min fararen ƙayoyinsa ya ce, "Malama, ga gawo nan kin je kin saya da kuɗinki, alhali kina da shi a gona, nasa saiwar ma ta girmi wannan yaron."

Muka bi gonar taki ɗaya-ɗaya. Abin da nake ɗauka ciyayi ne marasa amfani da ake sharewa kowace shekara, ashe kututturan itatuwa ne da ransu, saiwarsu na can ƙasa tana shan ruwa, kowace bazara su yi toho, kowace bazara a sare. Mun ƙirga fiye da 60. A bakin iyaka, daidai inda tsohuwar kanyar nan take, muka tarar da toho uku sun fito daga saiwarta. Na zauna a ƙasa a wurin. Shekara nawa ana sare su, ba su daina fitowa ba.

Ya nuna wa ɗan ƙanena yadda ake yi. A kowane kututture a zaɓi toho biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a cire sauran, waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayi, da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A ɗaura jan ƙyalle don mai neman itace ya san da mai shi. Ya ce wannan shi ne abin da mutanen Maraɗi ke kira sassaben zamani. Daga baya na bi labarin na karanta. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, ya gaji da ganin dashensa na mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke cikin gonaki ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada barin su, da farko don abincin agaji da ake bayarwa, daga baya don sun ga amfanin da idonsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da leda ko bokitin ban ruwa ba. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya rayar da daji da 'yan ramukan taki irin waɗanda ake kira tassa a Nijar. Wani abin da ya taimaka a can shi ne manomi ya samu tabbacin cewa bishiyar da ya raina a gonarsa tasa ce, ba ta ma'aikatan daji ba. Kuma girmama gawo ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa, har yau ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun da ya hana saransa da hukunci mai tsanani. Maraɗi ba ta da nisa da mu, harshenmu ɗaya, aurenmu ɗaya, amma ni sai da na tsufa na ji wannan a bakin mai sayar da dashe, wanda in da cinikinsa kawai ya duba da bai faɗa min ba.

Yanzu rani biyu sun wuce, ga abin da ya faru da kayan da na saya. Kuka duka biyar suna nan, har an fara tsinkar ganyen biyu daga ciki ana miya. Magarya biyar duka sun rayu, kuma a shekara ta biyu suka yi 'ya'ya, sai dai dole a riƙa cire tohon da ke fitowa ƙasa da wurin auren, in ba haka ba ta gida ta rinjayi baƙuwar. Tsamiya huɗu, maɗaci biyu. Ɗorawa huɗu ne suka rage cikin goma: gara ta ci biyu, awaki suka fasa shingen uku a watan Fabrairu, ɗaya kuma ta bushe haka kawai. Kanya ɗaya tak. Gawo biyu cikin takwas. Jimla 23 cikin 40, kuma wannan da ban ruwa ne sau biyu a mako duk tsawon rani, da jarkoki a amalanke, da tsofaffin tuluna da muka binne a gindin kowace ɗorawa don ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali. Wanda ba shi da mai yi masa wannan hidima, kada ya sayi dashe da yawa, zai yi baƙin ciki.

Mutuwar gawon nan ita ce babban ƙorafina a kan lambun, domin ba laifin gara ba ne ko akuya. Da muka tone waɗanda suka bushe, sai muka ga saiwar ta nannaɗe kamar gammo. Sun daɗe a leda fiye da kima, ledar kuma gajera ce, irin ta furanni. Gawo bishiya ce mai zura uwar saiwa ƙasa da sauri tun tana ƙarama, in ta tarar da gindin leda sai ta lanƙwashe, kuma ba ta sake miƙewa. Wasu ma saiwar ta huda ledar ta shiga ƙasa, da yaran suka ɗaga sai ta tsinke, ba su faɗa mana ba. Mutumin da ya san duk abin da na lissafa a sama bai kamata wannan ya wuce shi ba. Na koma na faɗa masa. Bai yi musu ba, ya ce doguwar leda ta yi tsada, ragowar bara ne aka haɗa min da su, kuma ya ba ni biyar sababbi kyauta. Na yaba da hakan, amma shekara guda ta riga ta tafi. Duk mai zuwa ya ɗaga ledar ya duba gindinta da kansa, in ya ga saiwa ta leƙo ko ta yi kauri a ƙasa, ya ajiye ya zaɓi ƙarami. Ƙaramin dashe mai lafiyar saiwa ya fi dogo mai kyan ganye.

Abu na biyu, babu alama a jikin komai. In Baba ba ya nan, yaran ba sa bambance gawo da farar ƙaya suna ƙanana, kuma ɗaya daga cikin biyun da suka rayu min, da ya girma, sai ga shi ba gawo ba ne. Babu rasit, wayarsa kuma sau da yawa a kashe take, sai ka yi tafiyar ka tarar ya tafi neman iri. In ruwa ya sauka sosai ƙaramar mota ba ta shiga hanyar. Sannan na so a ce yana da ƙananan abubuwa, ba manyan itatuwa kaɗai ba. Na tambayi gamba don in dasa a kan iyaka ta riƙe ƙasa, babu. Tsada, taura, gwandar daji, anza, hano, duk babu, alhali su ne suka fi saurin ɓacewa ba a lura ba, don ba wanda ke kewar su sai mai haɗa magani da yaran da suka san daɗinsu a da. Ya ce in an samu masu tambaya zai nemo. To ga shi na tambaya a fili.

Kututturan da bai karɓi ko kwabo a kansu ba kuwa, su ne suka canja gonar. Gawon da ya tashi daga tsohuwar saiwa ya fi ni tsayi yanzu, na leda kuwa bai wuce gwiwa ba. Kalgo da sabara sun yi kai, daga rassan da ake ragewa matar ɗan ƙanena ta samu itacen girki na watanni ba ta je ko'ina ba. A gindinsu ƙasa ta taru ta yi baƙi, domin suna tare ganye da ƙurar da iska ke ɗaukowa. Gawo dai kowa ya san halinsa, shi ne bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki yana zubarwa, ga 'ya'yan da dabbobi ke rububi a lokacin da babu ciyawa. Ba mu rasa matsala ba. A ranin farko an sare mana wajen goma cikin dare, kuma na san mata ne masu neman abin hura wuta, ga tsadar gas da kalanzir, ban iya jin haushinsu ba. Muka je wajen mai unguwa, aka yi magana a masallaci, muka ce duk mai so ta zo ranar da ake rage rassa ta ɗiba. Tun daga nan abin ya ragu ƙwarai. Maƙwabta biyu ma sun bar nasu tohon bana.

Ban yi zaton dawowar tsuntsaye da wuri haka ba. Ba wasu masu yawa ba ne, kada in ƙara gishiri: kurciyoyi sun yi sheƙa a cikin aduwa, na ga cilakowa sau biyu, ɗan ƙanena ya tashi fakara a cikin sabara, kuma da magarya ta yi fure ƙudan zuma sun cika wurin har ya fara maganar rataya amya. Na tuna da yamma a gindin ɗorawar mahaifinmu, lokacin da jajayen furanninta ke reto kamar tuntu, jemagu na zuwa sha da magariba. Muna jifansu muna yara, ba mu san su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan har ta yi 'ya'ya ba, haka ma kuka. In babu manyan itatuwa shamuwa ba ta da wurin sauka ta gaya mana damina ta kusa, ungulu ma da muke raina ta yanzu sai a yi shekara ba a ga ɗaya a mahauta ba. Hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki face ya zama sadaka a gare shi, na daɗe da haddace shi, amma sai yanzu na lura cewa tsuntsu aka fara ambata.

Ina jin labarin shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti, wanda a Najeriya ya shafi jihohi 11 har da Kano da Jigawa da Katsina, aka kuma kafa masa hukuma a 2015. Ina yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Roƙona ga duk mai raba dashe, gwamnati ce ko ƙungiya ko ɗan siyasa, shi ne ya dawo bayan rani biyu ya ƙirga abin da ke tsaye, kuma ya nemi irin waɗannan ƙananan lambuna ya ba su oda tun da wuri, da doguwar leda, a kan ɗorawa da kanya da marke. Dattijon nan ya haura saba'in. In ya tafi ba a ɗauki abin da ke kansa ba, ban san wa zai san hanyar kiryar bayan maƙabarta ba.

Ga wanda ke son zuwa irin wannan wuri, lokacin saye shi ne in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, don dashen ya samu ruwan Agusta gaba ɗaya. A haƙa ramuka tun kafin a je, a zuba ruɓaɓɓen taki ba ɗanye ba saboda gara, a tanadi ƙayar shinge kafin dashen ya iso gona, ba bayan akuya ta gan shi ba. A je da safe, kuma a tabbatar Baba na nan. Mai gida a birni da ke son inuwa a ƙofar gida zai samu maɗaci ko tsamiya, ya haƙura da jinkirinsu. Mai gona kuwa ya fara zagaya gonarsa kafin sassabe, ya ga abin da yake da shi, sannan ya sayi abin da babu. Ni abin da babu a tawa ɗorawa ce, kututturanta sun mutu tuntuni, don haka ita dole sai ta leda.

Na sake ba shi odar ɗorawa goma na daminar bana, na biya kuɗin doguwar leda daga aljihuna, kuma na kai masa kalwa mudu ɗaya da wata 'yar uwar Inna ta tsinko min daga bishiyar da ta rage a ƙauyensu, don a samu jinin wani wuri a ciki. Huɗun da suka rayu, babbar cikinsu ta kai ƙirjina. Ya ce in Allah ya kiyaye ta, nan da shekara shida ko bakwai za ta fara fure. Tukunyar daddawar Inna tana nan a ɗakin ajiya, na sa an fito da ita an wanke.